Rigar da Mama Eufrasia Ta Kaɗa

Mama Eufrasia Huallpa ce tafintar ofishinmu a Puerto Maldonado, inda muke tsaya wa 'yan matan da aka yi safararsu a gaban kotu, kyauta. Ni lauya ce, amma Kechuwata, wato yaren mutanen kan duwatsu, ba ta wuce ta gaisuwa ba, alhali yawancin yaran daga kan duwatsu ake ɗebo su da sunan aikin girki, su ƙare a mashayar masu haƙar zinariya. Ita ma ta wannan hanyar ta zo tana budurwa. Ta yi wankau, ta sayar da romon kaza a bakin kogi, har ta tsufa a garin. 'Yar gajeriya ce, ga faɗan tsiya, kullum da ganyen koka a kunci, wanda mutanensu ke taunawa kamar goro. Na yi mita har na gaji na zuba mata ido.

Da 'yan sanda suka kawo mana Nelida, ba ta magana. Tana ci, tana wanka, amma ko tari ba ka ji. Ita kaɗai ce shaidarmu, in ba ta buɗe baki ba matar da ta tsare ta za ta fita ta ci gaba da sana'arta. Likita ya ce a ba ta lokaci, alƙali ya ce ba shi da shi.

Mama Eufrasia ta ce duk ɓata bakinmu muke yi. Firgita ce ta fizge kurwar yarinyar, tana can inda abin ya faru, sai an je an kira ta. A garinsu ana ɗaukar tufar mutum a kai wurin, a kaɗa, a kira sunansa, a dawo ba waiwaye ba magana, a lulluɓa masa. Na ce mata ni fa doka na karanta. Ta ce to madalla, doka ta iya tuƙi? Haka na ɗauki makullin mota.

Kayan Nelida na gida an ƙone su tuni. Abin da ya rage sai wata guntuwar jar riga mai ƙyalƙyali da aka same ta a ciki.

Mun isa rana na faɗuwa. Sansanin masu haƙar zinariyar ya watse, sai yagaggun tamfol da kududdufai masu ruwan ɗorawa, ko tsuntsu babu. Tsohuwar ta tsaya bayan mashayar, ƙararrawa a hannu ɗaya, riga a ɗayan.

"Taso, 'yata, taso mu tafi gida. Me kike yi a nan?"

Babu iska, amma na ga ruwan kududdufin ya motsa. Ta rungumo rigar da hannu biyu kamar mai ɗauke da jinjiri, tana nishi. Muka dawo shiru. Da ta sauka na taɓa inda ta ajiye rigar, kujerar sharkaf take. Allah ya sani na ji tsoro. A daren ta lulluɓa wa Nelida rigar.

Washegari yarinyar ta yi magana, a kotu ma ta yi, tiryan-tiryan. Ina murna, sai na lura Mama Eufrasia na ta tsaitsayawa tana fassara. Da aka tashi hutu ta ja ni gefe ta ce wannan ba Kechuwar Cusco, yankin su Nelida, ba ce, ta mutanen Ayacucho ce, kuma Nelida ba ta taɓa taka can ba. Yarinyar ta ba da labarin wata damina da aka yi tun kafin a kawo ta. Ta faɗi yadda aka nutsar da wata yarinya: wanda ya riƙe ƙafa, da wanda ya ɗaura dutse, da wane kududdufi.

Daga baya wata da ta taɓa zama a mashayar ta gaya mana rigar ba ta kowa ba ce. Duk sabuwar da aka kawo ita ake sa mata. Kafin Nelida, wata Brigida 'yar Ayacucho ce ke sa ta, aka wayi gari aka ce ta gudu. 'Yan sanda suka janye ruwan kududdufin, suka sami ƙasusuwan Brigida. Aka ɗaure matar da ta tsare su.

Ni na ce wataƙila labarin Nelida ta ji a bakin wasu. Mama Eufrasia ta dube ni kawai.

Ranar da uwar Nelida ta iso daga ƙauye da ƙunshin gasasshiyar masara, ta tarar da uwar Brigida a bencinmu, ta zo karɓar ƙasusuwa. Aka fito da yarinyar. Ta wuce wadda ta haife ta ko kallo babu, ta faɗa jikin ɗayar tana kuka, tana tambayar ko tinkiyarta ta haihu.

Uwar Nelida ta juyo wurin tsohuwar ta ce, "Baba, ki koma ki kira mini tawa."

"Zan iya," in ji Mama Eufrasia, "amma sai na kori waccan da ke jikinta tukun."

Tsohuwar ta kalli matar da ke ƙanƙame da yarinyar, ta kalli mai masarar. Ni ma aka kalle ni, wai lauya. Har muka rufe ofis ƙararrawar na cikin jakar Mama Eufrasia, matan biyu na zaune a benci ɗaya, yarinyar a tsakiyarsu.