Corrie Mai Rufe Fuskoki

Corrado Gadaleta sunansa, amma duk garinmu na Port Pirie Corrie ake ce masa. Kakansa masunci ne da ya zo daga Italiya, ubansa ya ƙare ƙarfinsa a masana'antar narka dalma, shi kuwa tun yana saurayi ya ce ba shi ba kifi, ba shi ba wuta. Ya shiga gidan talabijin na yankinmu a matsayin mai ɗaukar kaya, a hankali ya koyi tace hoto. Shekara ashirin da tara ya yi a kan wannan kujera. Duk labarin ƙarfe shida da muka kalla muna yara, gobarar daji ce ko wasan ƙwallo, ta hannunsa ya bi. Ranar da aka rufe ɗakin labarai aka mayar da komai birni, kati da kek aka ba shi aka sallame shi. Matarsa Loretta ta riga ta rasu da shekara biyu, ba su taɓa haihuwa ba.

Ni ta hanyar Marnie na san shi. A lokacin sana'armu ɗaya da ita: mu ɗauki bidiyon tsiraicinmu a ɗaki, mu sayar wa masu biya a intanet. Ba zan tsaya kawo hanzari ba. Ni shagon da nake aiki aka rufe. Ita tana aiki a gidan kula da tsofaffi, tana riƙe da uwarta ita kaɗai, abin bai ishe ta ba. Matsalarmu ɗaya ce, garin ƙarami ne, kowa ya san takun kowa. Don haka ba ma nuna fuska. Marnie kuma tana da zanen allura a fatar kafaɗarta ta hagu, tsuntsu ne da sunan ƙanenta Kade da ya rasu a hatsarin babur. Babu wanda ya taɓa zuwa iyo da ita bai ga zanen nan ba.

Ita ce ta yi jinyar Loretta a gida har ƙarshe, shi ya sa take ce masa Kawu. Wata Asabar ta ja ni muka je gidansa, muka same shi a kicin yana ɓare ƙaguwa.

Ta ce, "Kawu, zan roƙe ka wani abu, amma ka riƙe kujera kada ka faɗi."

Ya ce, "Na tace hoton gawar da aka tsamo daga ruwa, 'yar nan. Faɗi."

Ta faɗa masa komai, ta ce koya mata kawai take so ya yi, ta sauko da wata manhajar tace bidiyo ta kyauta amma ta kasa gane kanta. Ya goge hannu ya karɓi wayarta, ya kalli bidiyon na ɗan lokaci kamar mai duba injin mota.

"Wa ya ce ki kunna wannan fitilar? Kin yi rawaya kamar mai shawara. Kuma ga doguwar hasumiyar hayaƙin masana'anta nan ta taga. Ai gara ki rubuta adireshinki a goshi. Bar shi nan, ni zan yi."

Haka ya fara. Manhajar gidan talabijin mai tsada ta tafi tare da aikin, sai ya ɗora ta kyautar a tsohuwar kwamfutarsa a ɗakin baya inda Loretta ke ɗinki. Akuya yake ce mata, don takan tsaya cak ta cinye masa aikin yini guda. Tana da wata dabara: ka nuna mata fuska ko zane, ta sa hazo a kai, hazon ya riƙa bin abin duk inda ya motsa. Corrie bai taɓa yarda da ita ba. Yakan ce daƙiƙa ɗaya hoto ashirin da biyar ce, akuya kuwa ba ta iya ƙidaya ba. Ɗaya bayan ɗaya yake bin su da ido. Yana cire ƙarar jirgin ƙasa, yana share inuwar da ta fito a jikin butar shayi, yana yanke inda muka yi tari ko muka ja hanci yadda wani zai iya gane mu.

Kafin shekara mun zama mu shida. Bai taɓa yi mana kallon da muka saba gani ba. Idan ka kawo aiki, abin da za ka ji shi ne, "Kin ci abinci?" ko "Gaya wa wancan ragon saurayin naki ya daina girgiza kyamara." Ya koma aske gemu kullum, ya koma sa riga mai guga. Ranar Asabar yakan dafa mana taliya da ƙaguwa, mu cika masa kicin da hayaniya.

A shekara ta uku na fara lura. Ya matso da allon kwamfutar har kusa da hancinsa. Yana kallon mutum a karkace, kamar kaza. Wata rana ya zuba min shayi a gefen kofi, kan teburi. Na ce, "Tsoho, lafiyar idonka kuwa?" Ya ce gilashinsa ne ya tsufa. Na yi dariya na kawo tsumma. Ban sake tambaya ba, don ina da bidiyo biyu a hannunsa, kuma ba ni da wani wurin kai su.

Ashe likita ya riga ya gaya masa tsakiyar ganinsa ce ke mutuwa, gefe kaɗai zai rage. Ashe ya daɗe da sakar wa akuya aikin, yana zaune gaban allo yana danna maɓalli ne kawai.

A wani bidiyo Marnie ta juya da sauri, hazon ya makara. Hoto tara, ko rabin daƙiƙa ba su kai ba. Tsuntsun ya fito, sunan Kade ya fito. Wani mai kallo ya tsayar da shi daidai nan, ya ɗauka, ya tura zauren sada zumunta na garin inda ake cigiyar karnuka da sayar da tsofaffin kujeru. Ranar Alhamis ke nan. Ranar Litinin shugabar wurin aikinta ta kira ta ofis, ta ce iyalan tsofaffi sun kawo ƙorafi. Shekara sha ɗaya tana wanke iyayen mutane, a minti goma aka sallame ta. Aka yi mata rubutu da ƙusa a jikin mota. Uwarta ta daina zuwa coci.

Ni na kai ta gidan Corrie a jar motata. Muka same shi a ɗakin baya, ya riga ya ji.

Ya ce, "Sau uku na duba shi, Marnie."

Ta ce, "Buɗe ka nuna min."

Ya lallaɓa ya buɗe. Ta miƙa hannu ta kai shi daidai wurin ta tsayar. Ga tsuntsu nan ya cika allon, ga suna ɓaro-ɓaro. Ya matso, ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

Ya ce, "Ai nan a rufe yake. Gaba ne ko?"

Marnie ta bar kallon allon ta dubi idonsa. Sannan ta ce, "Tun yaushe?"

"Tun hunturun bara."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In na faɗa ku tafi. In tashi da safe in yi me?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Da hannun nan na yi wa Loretta wanka, Corrie." Ta ɗauki jakarta. Ban taɓa jin ta kira shi da suna zalla ba sai ranar.

Cikin wata guda ta sayar da kayanta, ta ɗauki uwarta suka yi yamma, can wani garin haƙar ma'adinai. Sauran matan suka janye shiru, kowace tana bin tsofaffin bidiyonta tana dubawa. Ni ma na yi haka, na ci sa'a ban sami komai ba, na bar sana'ar a shekarar. Yanzu ina jera kaya a kanti.

Corrie ya ɗauki wani aiki da ba wanda ya sa shi. Duk shafin da aka ce hoton ya ɓulla, sai ya rubuta musu takardar roƙo su cire. Shi ke faɗa, ni ke rubutawa, duk Talata. Yana faɗar su cikin ladabi irin na mutanen da, har da gaisuwa. Wasu su cire, yawanci ko amsa babu. In an cire a nan, sati mai zuwa ya tsiro a wuri uku. Mun yi wata sha huɗu a haka. Na san banza muke yi, shi ma ya sani.

A tsakanin nan aka karɓe masa lasin tuƙi. Maganar cewa shi ke tace mana bidiyo ta fita, ban san ta bakin wa ba. A kulob ɗin Italiyawa inda ya yi shekara arba'in yana karta, ya je ya tarar kujerarsa da mutum, ba wanda ya matsa. Ɗan wansa ya daina ɗaukar wayarsa. Gemun ya dawo.

Duk zuwana sai ya tambaye ni ko Marnie ta yi magana. Ina da lambarta, mukan gaisa jefi-jefi, tana goge-goge a sansanin ma'aikata. Ta ce in na ba shi lambar ni ma ta gama da ni. Sai in ce masa ban ji ɗuriyarta ba.

Talatar ƙarshe da na je, bai buɗe ƙofar raga ba. Yana tsaye daga ciki, rediyo na ba da labarin tseren dawaki a bayansa.

Ya ce, "Ki daina zuwa, 'yar nan."

Na ce, "Laifin me na yi?"

"Maƙwabta na rubuta lambar duk motar da ta tsaya a nan. Matar gidan can ta tambaye ni wace ce mai jar mota. Kina da aiki yanzu."

Na ce ban damu ba. Ƙarya nake yi, kuma ya ji a muryata. Ya ce in ajiye burodin da na kawo masa a kan matakala, zai ɗauka.

Yau wata bakwai ke nan. Ma'aikaciyar jinya na zuwa masa sau biyu a sati, ita ke gaya min a kanti cewa ya rame, ba ya fita ko bakin titi. In zan je aiki ta layinsa ne ya fi kusa, amma ta bayan asibiti nake zagayawa.