Safiyar da Ban Kira Kaka Ba

Duk lokacin da na ji ƙamshin nunanniyar kaɗanya, irin wadda ta faɗo ta fashe a jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai gabana ya faɗi. 'Ya'yana sun ɗauka ƙyamarta nake yi. Ba ƙyama ba ce, kunya ce da tsoro, kuma yau zan gaya muku dalili.

Kakata ta wajen uwa Banufiya ce 'yar Bida, aure ya kawo ta Minna, muka taso a hannunta a Kpakungu. Tun da motar kaya ta kife da kakanmu ta rantse ba za ta ƙara shiga mota ba, ko Paiko za ta da ƙafa take zuwa. Mun sha yi mata tsiya cewa ita da jaki ne kawai suka rage a hanya, ta ce jakin ya fi mu hankali. A shekarar da na gama firamare yayanta ya rasu a Bida, ta ce sai ta halarci sadakar arba'in. Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya ɗauki buhun guzuri. Ni kuwa na yi ta kuka har aka bar ni na bi su, don na ɗauka yawon shaƙatawa ne.

Damina ta yi nisa. Mukan kama hanya bayan asuba, motoci na wuce mu suna watso mana ruwan kwata. Rana na ɗagawa sai mu fake a inuwa mu jiƙa garin rogo da ƙuli-ƙuli. Da la'asar sakaliya mu nemi rumfar masu sayar da doya wadda suka tashi suka bari, Kawu ya share, ya shimfiɗa leda da tabarma, Kaka ta haɗa duwatsu uku ta hura ɗanyen itace mai hayaƙi don ya kori sauro. Ni aikina tsintar kaɗanya, in sha har bakina ya yi danƙo.

A zangon farko ta koya mini dokarta. Hausar Kaka ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta.

"Kai yarinya," in ji ta, "in mutum ya kwana a daji, jiki ne yana tashi. Kurwa yana nauyin barci. Sai wani ya kira shi, in ba haka ba a nan zai zauna."

Mutum ba ya kiran kansa. Saboda haka kowace safiya, in an ɗaure kaya, Kaka ta juya ga wurin da Kawu ya kwanta ta ce ya tashi mu tafi, Kawu ya kira ni, ni kuma in kira ta. Kawu yana yi yana murmushi, ya ce malaminsu na Islamiyya da ya ji da ya zane mu duka. Amma bai taɓa tsallakewa ba.

Rana ta uku ƙafafuna suka yi bororo, suka fashe. Da yamma, mun wuce Kataeregi, wani direban a-kori-kura da ya san Kawu ya tsaya ya ce mu hau ya kai mu har Bida. Na riga na ɗora ƙafa ɗaya, Kaka ta fizgo ni ta ce tare muka fito, tare za mu isa. Ina kallo motar ta ɓace. Muka sauka a gindin wata babbar kaɗanya, ta shafa mini man kaɗe a ƙafa. Na tsane ta a ranar, tsana irin ta yara.

Gari ya waye da hadari baƙi ƙirin, muna ta gaggawa. Kaka ta kira Kawu, Kawu ya kira ni ya yi gaba da buhu. Na juya na dubi inda ta kwanta, ciyawar ta lanƙwashe daidai tsawonta. Na motsa leɓuna kawai, ban fitar da murya ba. Kaka kunnenta ya fara nauyi, sai ta tambaye ni, "Ka kira ni?"

Na ce, "Na kira."

Ta gyaɗa kai, ta ɗauki sandarta.

An yi sadaka lafiya, aka sa ni a mota na dawo, ita ta biyo baya da ƙafa bayan wata guda. Ba a jima ba abin ya fara. Ta zuba gishiri a koko. Ta tsaya a tsakar gida da buta tana tambayar ina banɗaki. Wata rana ta gaishe da mahaifiyata da ladabi kamar baƙuwa. Daga baya kullum da sassafe sai ta ɗaure ƙullin kayanta ta zauna a bakin ƙofa, in an ce ta shigo ta karya sai ta ce, "Sun tafi. Ni ina gindin itace, ruwa yana zuwa." Mutanen gida su yi dariyar tausayi. Ni kuwa sai in shige bayan ɗaki.

Sau nawa na durƙusa kusa da kunnenta na ce, "Kaka, tashi mu tafi." Sai ta dube ni ta ce 'yar wa ce wannan mai kirki. Na san a wurin da aka kwana ake kira, kuma da na buɗe baki na gaya wa Kawu, da ya kai ni a kan babur cikin yini ɗaya. Tsoron a ce ni na jawo ya rufe mini baki shekara huɗu, har ta rasu.

Na girma, na yi karatu, likitoci sun bayyana mini ciwon mantuwa na tsufa, na kuma yarda da su. Na san rai da lafiya a hannun Allah suke. Duk da haka bara, za mu biki Bida, na ce wa maigidana ya tsaya bayan Kataeregi. Yanzu ba mai tafiyar kwanaki a ƙasa, ba mai kwana a rumfar doya. Masu gawayi sun sare itatuwan, buhuna ne jere a bakin titi, ga tireloli sun yi layi. Na yi ta kai da komo cikin kututturai, duk iri ɗaya.

Wata tsohuwa mai sayar da gawayi ta ce, "Hajiya, wa kike nema?"

Na ce kakata. Ta tambaye ni a wane ƙauye take, don ta aika yaro ya kira mini ita. Na juya na sake duban kututturan, maigidana kuwa yana ta danna ham.