Jirgin da Ya Hana Ni Shiga Takaba

A shekarar da wannan abu ya same ni, ni malamar firamare ce a Tiga, 'yar Tudun Wada da aure ya kawo bakin dam. Ina da hali guda wanda har maigidana yake tsokanata a kansa: ban iya kwana da tambaya ba. Komai sai na bi diddiginsa, in ban samu amsa ba in hana kowa sakat. Shi kuwa ma'aikacin ruwa ne, ɗan masunta, mutum mai sanyin hali. Muna zaune gida ɗaya da mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna. Da wurin aikinsu suka tura shi kwas ƙasar waje, har guɗa aka yi a gidan, don shi ne na farko a danginsu da ya taɓa hawa jirgin sama.

A hanyar dawowa ne ya kira ni daga wani filin jirgi, ya ce saura su tsallake teku su canja jirgi, in tanadar masa miyar kuka. Washegari da hantsi ina cikin aji wani abokin aikinsa ya zo ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula. Bai ce jirgin da maigidana ya hau ya faɗi ba. Cewa ya yi ya ɓace. Na tambaye shi yadda abu mai girman haka, cike da mutane, zai ɓace sai ka ce akuya, ya ce wallahi shi ma iyakar abin da aka gaya musu ke nan.

Daga ranar na tare a waya da rediyo. Na koyi abubuwan da ban taɓa neman sani ba. Ashe na'urar da ke hango jirage daga ƙasa tana da iyaka, in jirgi ya yi nisa a kan teku ba ta ganinsa. Ashe akwai wata na'urar a jikin jirgin mai faɗin inda yake, ita ce ta yi shiru, ba wanda ya san dalili. Aka ce tauraron ɗan'adam ya ɗan ji motsinsa, amma bai nuna wuri ba, sai wani yanki na ruwa da ya fi jiharmu faɗi nesa ba kusa ba. Jiragen sama suna shawagi suna duban tarkace, jiragen ruwa suna jan na'urar saurare don jin ƙarar baƙin akwati mai naɗar bayanan jirgin, wanda aka ce batirinsa bai fi wata guda ba. Har na ji wai akwatin ma ba baƙi ba ne. Duk abin da na ƙaru da shi sai ya ƙara ɗaure mini kai. Yau a ce an ji ƙara, gobe a ce ba ita ba ce.

A gida kuma wani ruɗanin ne. Mutane suna zuwa, amma ba su san abin da suka zo yi ba, jaje ko ta'aziyya. Wata maƙwabciya ta yi kuskuren cewa Allah ya ji ƙansa, Inna ta miƙe ta nuna mata ƙofa. Ta ce a gidanta addu'a ɗaya ce, Allah ya bayyana shi. Hujjarta kuwa ba ta wasa ba ce. Ta ce ita matar masunci ce, ta ga nutso iri-iri a dam ɗin nan, kuma ruwa ba ya riƙe gawa, ko ba jima ko ba daɗe sai ya turo ta. Tunda ba a ga ɗanta ba, to yana raye, yaron da ya iya iyo tun kafin ya iya karatu. Kullum da safe sai ta miƙo mini tandun kwalli ta ce in sa, kada mijina ya dawo ya tarar da ni kamar mai takaba.

In na je Tudun Wada kuma, mahaifina ya dube ni ya kau da kai. Ya ce ba ya son ganin kwalli a idona, mutane suna magana, wai 'yarsa tana ado mijinta na ƙarƙashin ruwa. Aka tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce matar wanda ya ɓace shekara huɗu take jira, ɗayan ya ce wanda ya ɓace cikin hatsari irin wannan hukuncinsa daban ne, a je wurin alƙali. Inna ta ce wanda duk ya kai maganar ɗanta kotu ba ta yafe ba. Haka na zama mai sa kwalli a Tiga, in goge shi a mota kafin in isa gidanmu. Ban san ko ni matar aure ce ko gwauruwa ba, kuma ina jin kunyar Allah ta kowane ɓangare. In na yi kuka sai in ga kamar na kashe shi, in na yi dariya sai in ga kamar na manta shi.

Abin da nake nadama shi ne yadda na riƙa yi wa Inna darasi. Nakan zaunar da ita in ce teku ba dam ba ce, zurfinta ya wuce tunani, akwai duwatsu da kwazazzabai a ƙasanta, masu neman ma a cikin duhu suke lalube. Sai ta saurara har in gama, ta ce to malama, an ji. Ina ganin gaskiya nake gaya mata, ashe abin da take dogarawa nake fizgewa.

Har aka dakatar da neman ba a ga komai ba. Damina ta zo ta wuce, masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Sai wata rana aka nuna hoton wani ɓallin fiffike da igiyar ruwa ta kai gaɓar wata ƙasa, aka tabbatar na jirgin ne. A wannan karon ban yi wa Inna darasi ba, miƙa mata wayar kawai na yi. Ta daɗe tana kallon 'yan katantanwa da gansakukar da suka manne a jikin ƙarfen, har tana shafa gilashin da yatsa. Ta ce wannan abu ya daɗe a ruwa. Sannan ta jiƙa bakin zanenta, ta kama haɓata, ta goge mini kwallin da kanta. Ta ce gobe a kira mahaifina su je wurin alƙali. A ranar muka yi kukan da muka daɗe muna hana juna.

Bayan alƙali ya yanke hukunci, na yi takabata a gidan da ba mai shigowa gaisuwa, don a wurin mutane zancen ya tsufa. Na koyi cewa ba kowace tambaya ake samun amsarta ba, ni da ban iya kwana da guda ɗaya ba. Ina roƙon masu karatu, in kun je gidan da mutum ya ɓace, kada ku yanke musu hukunci, kada ku kai musu kowace jita-jitar waya, kada kuma ku daina zuwa. Ku bar kowa ya isa ga haƙurinsa da ƙafarsa. Har yau ba a ga sauran jirgin ba. In wani jirgin ya gifta ta saman Tiga, Inna takan ɗaga kai, ni kuma na daina yi mata bayani, sai in ɗaga nawa.