Munduwar da Ta Nutse a Hannuna

Malam Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Ba zan faɗi sunana ba, amma duk macen da ta taɓa zuwa biki a unguwarmu ta Dakoro shekarun baya ta san ni. Ni ce matar nan da ba a miƙa wa kujerar roba, sai dai a jawo turmi a kifa mata. Ni ce wadda kullum tela ke aiko wa da saƙon ta ƙaro yadi. Mijina dillalin dabbobi ne, yana turka raguna a gida, ni nake ba su dusa da harawa, kuma a lokacin ina ganin duk garin babu macen da ta fi ni morewa. Ban yi lakwal, wato makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da na aurar da ɗiyata ta fari na shiga makarantar manya, don haka in kun ga rubutuna ya karkace ku yi haƙuri. Maganata dai ba ta karkace ba.

A gidanmu akwai wata munduwar azurfa mai kauri, zobe guda ce ba ta da baki, ta yatsu ake zura ta. Ta kakar kakata ce, wadda ta yi zamani tun kafin Nasara su zo, lokacin da nan wurin babu gari, sai daji da rijiyoyin makiyaya. Duk yaron gidanmu ya san labarinta. An ce wata damina mahara suka faɗo wa ƙauyensu maza suna gona. Ta saɓa goyo, ta riƙe babban yaro a hannu, ta naɗe munduwar da tsumma don kada ta yi ƙara a ji su, ta yi ta gudu cikin geza da sabara har ta kai su wani gari mai ganuwa. Jaririyar da ke bayanta ita ta haifi kakata. Tun daga nan munduwar take bin ɗiyar fari. Ranar da za a kai ni ɗaki mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta zura mini ita a hannun hagu, ta faɗa mini abin da ita ma aka faɗa mata, cewa ɗiyar gidan nan ba ta barin munduwa ta yi kuka. Na gane nufinta. In munduwa tana yawo a hannunki tana ƙara, duniya za ta ce yunwa kike ji a gidan miji.

To ni ba na yin abu rabi-rabi. Na ɗaura aniyar sai na cika ta. Duk haihuwa in zauna in yi ta kunun kanwa da nama, in an gama jego in ɗora da tukuɗi, hura kuwa sai na zuba sukari har ludayi ya ji shi a gindin ƙwarya. Jiki ya zo, amma munduwar tana ɗan juyawa. Sai wata ƙawata ta nuna mini ƙananan ƙwayoyin da masu tallar magani a faranti ke sayarwa ranar kasuwa. Da na ga suna jinkiri, na koma kan wadda muke jiƙa wa raguna. Ba zan ce ban sani ba. Da hannuna nake narka musu ita a ruwan dusa, da hannun nan nake ɓantarar rabona. Fuskata ta zama kamar faifai, wuya ya ɓace, munduwa ta yi shiru. Mata suna ta cewa maigidana ya iya riƙo, shi kuma yana tafiya kasuwa yana baza babbar riga.

Abin da ba su gani ba shi ne salla a zaune nake yi, don in na kai goshi ƙasa sai an ɗaga ni. Ƙishirwa ba ta sakina, buta ba ta hutawa. Munduwar kuma ba ta tsaya a shiru ba, nutsewa ta yi cikin tsoka, nama ya rufo ta gefe da gefe. Ruwan alwala ya daina shiga ƙarƙashinta. Wurin ya fara ƙaiƙayi, ya koma gyambo, ya soma wari. Na yi ta rufe shi da gefen mayafi da turare, har ranar da ɗiyata ta zo gaishe ni, ta kama hannun ta ɗaga, ta ga abin da ke ciki. Ba ta yi mini gardama ba, amalanke kawai ta kira, don ba na iya hawa bayan moto, wato babur.

Majo, wato babban ma'aikacin gidan likitan da aka kai ni, mutum ne mai sanyin magana. Ya auna ni ya ce hawan jini ya kama ni, ga ciwon sukari, kuma mai sukari gyambonsa ba ya wasa. Ya ce a kira maƙeri a datse munduwar tun hannun bai lalace ba. Na ce masa abin da ya tsere wa mahara ba zai mutu a bakin zarto a hannuna ba, yadda ta shiga lafiya haka za ta fita. Ya dube ni ya ce hannu ai ya fi azurfa. Na ce na sani, amma ni na cusa kaina a ciki, ni zan fitar da kaina. Da ya ga ba zan tanƙwaru ba, ya yarda zai riƙa wanke gyambon yana tura magani ƙarƙashi, bisa sharaɗi guda.

"Inna, daga yau zuwa girbi. In na ga yatsun nan sun fara sake launi, ko kina zagina sai an yanke munduwar."

Na yarda. Sai kuma na yi kuskure na biyu, wanda ya kusa kai ni kabari tun kafin na farko. Na watsar da ƙwayoyin rana guda, na daina cin abinci, na bi jiƙe-jiƙen ɗaci da ruwan tsamiya da ake cewa suna narka kitse. Ban yi nisa ba aka tsince ni a ƙasa kusa da turken raguna, ban san inda nake ba. A ranar majo ya ajiye sanyin maganarsa. Ya ce irin wannan ƙwaya ba a rabuwa da ita da ƙarfi, a hankali ake janye ta, kuma yunwa ba magani ba ce. Ya ce in ci, amma in san abin da nake ci, in kuma motsa jikin da Allah ya ba ni.

Haka na koma kamar yaro mai koyon tafiya. Na ajiye babbar ƙwaryata na ɗauki ƙaramar da ake ba baƙon da ba a so ya daɗe. Hura babu sukari. Tuwo malmala guda ƙarama, miyar ganye da yawa, kwaɗon zogale, wake, tafasa in damina ta kawo. Shayin da maigida ke dafawa mai zaƙi kamar zuma na ce a ƙetare ni. Na daina aika hatsi inji, na sa aka sauko mini da taɓarya. Ranar farko ban kai ko'ina ba numfashi ya tsaya mini a maƙoshi, na zauna ina kallon turmin kamar abokin gaba. Washegari na koma. Bayan sallar asuba kuma in ɗauki sanda in bi hanyar gonarmu. Wanda ya san yashin Dakoro ya san in ka sa ƙafa gaba sai ya ja ta baya. Da farko iyakata bakin unguwa, in dafa katanga in dawo. Sannu a hankali na kai wata aduwa da ke tsakiyar hanya, daga baya na wuce ta.

Yunwa da gwiwa ba su ne suka fi ba ni wuya ba, bakin mutane ne. Da riguna suka fara yi mini yawa, aka ce kasuwar maigida ta karye. Aka ce an ga matar dillali tana daka da kanta, abin ya kai. Shi kuma abin ya ci masa rai, ya fara shigowa da tsire da soyayyar kaza yana ajiyewa gabana, yana cewa in ci don darajar Allah, abokansa a kara, kasuwar dabbobi, suna tambayarsa ko lafiya. Wata rana ya ce in ina so in tozarta shi ne in faɗa masa. Ina tsaye da kwanon dusa a hannu, na nuna masa babban ragon da ke turke.

"Malam, wannan da kake ta ɗura wa dusa, don ƙauna kake yi? Wuƙa ke jiransa. Ni ma ita kake so ta same ni?"

Ya ɗauki ledar tsiren ya fita da ita. Amma abin da ya karya mini gwiwa a wani bikin suna ya faru. Na sha ruwa na ajiye moɗa, sai na ga matar gidan ta ɗauke ta da gefen zane ta kai bayan ɗaki. Ashe maganar da ke yawo ita ce ciwon zamani ne, wato ƙanjamau, ke cina. Matan da muka yi shekaru muna ci a kwano guda suka riƙa matsawa. Na dawo gida na ce ya isa. Gara a yanke munduwar in koma yadda nake, in mutu da ƙibata da mutuncina.

Sai dai ba zan sa mata zarto ba tare da na faɗa wa babba ba. Wadda ta rage mana ita ce Inna, ƙanwar mahaifiyata, tana zaune a wani ƙauye wajen Kornaka, ta tsufa har ido ya tafi. Na je na zayyana mata komai. Ta laluba hannuna, ta taɓa munduwar, ta ce in ba ta labarin mai ita. Na ce Inna ai ke kika koya mana shi. Ta ce in dai faɗa. Na fara, har na zo inda ta naɗe munduwar da tsumma don kada ta yi ƙara. Sai ta matse mini hannu.

"Tsaya nan, ɗiyata. Munduwar da ta nutse cikin nama, me za a naɗe mata? Kuma mace irin yadda kika zo duba ni bara, ina za ta kai da goyo a baya?"

Labarin nan na faɗa wa ƴaƴana ya fi a ƙirga, ban taɓa jin abin da ke cikinsa ba. Inna ta ce ita ta tarar da tsofaffin da suka san matar, sun ce doguwa ce mai jijiya, da ƙarar munduwarta a jikin taɓarya maƙwabta ke sanin gari ya waye. Maganar kada munduwa ta yi kuka daga baya ta shigo, bayan wata muguwar yunwa da aka yi, lokacin da duk wanda ya rame ake fara yi masa kallon gawa. Iyayenmu tsoro ne ya sa su, ba mugunta ba. Ta ce yunwar ta wuce tun tuni, mu ne muka ƙi sauke tsoronta.

Na koma Dakoro ban nemi maƙeri ba. Mai ɗauke moɗa ta ɗauke, mai magana ta yi. Wadda duk ta tare ni da ƴar murya tana tambayar jiki, sai in ce mata da sauƙi, gobe da asuba ta zo mu taka zuwa gona ta gani. Babu wadda ta zo sai guda ɗaya, ita ma gwiwa ce ta ishe ta. Girbi ya zo munduwa ba ta fita ba, amma gyambon ya bushe, majo ya tura ɗan yatsansa ƙarƙashinta ya ce ya ƙara mini lokaci. Maigida kuwa ya daina kawo tsire. Wata rana na ga ya shigo da damin zogale ya ajiye bakin madafa.

Ana cikin haka, wata safiya ina surfe, na ɗaga taɓarya na sauke, sai na ji ƙwal. Na zaci wani abu ne ya faɗa turmin. Na sake ɗagawa, na ji ta zamo daga tsintsiyar hannu ta bugi icen. Na tsaya da taɓarya a sama ina kuka kamar yarinya, raguna suna kallona. Ba a daɗe ba ɗiyata ta zo da sabulu, muka murza, muka ja, ta fito lafiya ba ko ƙwarzane. A ranar na yi alwala ruwa ya taɓa ko'ina, na kai goshina ƙasa, na tashi da kaina.

Ban warke sarai ba, kada in yi muku ƙarya. Sukari yana nan, ina shan maganinsa, tabon kuma ya zagaye hannuna, da shi za a binne ni. Shi ya sa nake kira gare ku mata ƴan uwana, musamman masu jego da amare. Kada ku sha ƙwayar da ba likita ya ba ku ba, balle ta dabba. Kada ku gyara ɓarnar shekaru da yunwar mako guda. Ku rage ƙwarya, ku riƙe taɓarya, ku taka ƙasa. Masu yaba ƙibarki ba za su ɗaga ki daga sujada ba, kuma su ne za su fara ɗauke moɗa. Ku maza kuma, ku daina auna arzikinku a wuyan matanku.

Munduwar tana hannun ɗiyata yanzu. Siririya ce, har gwiwar hannu take kai mata. Ranar da na zura mata ita ta tambaye ni ko ta naɗa mata zare don ta zauna wuri guda. Na ce babu maharin da ke bin ta. Ta bar ta ta yi ƙara, unguwa ta ji.