Ƙwan da Ya Fashe a Hannuna: Tafiya Zuwa Tsibirin Tsuntsaye

Daga Bin Omran

Ana idar da sallar asuba na tayar da mota daga Bin Omran, unguwar da nake zaune a Doha. Ni direba ne, mutumin Gumel, kuma a lokacin gasar ƙwallon duniya ta cika gari. Wadda zan ɗauka ita ce Dakta Huda, 'yar Sudan mai binciken tsuntsayen teku. Tun zamanin korona take neman zuwa wani tsibiri, kulle ya hana ta, sai yanzu aka ba ta izinin yini ɗaya tak. Na tarar da ita a ƙofar gida rungume da akwatin ƙanƙara. Ta ce ko me zai faru yau, kada abin da za mu zuba a ciki ya ɗumama.

Bakin ruwa

Muka miƙi titin arewa har wata ƙaramar tashar masunta. Masu tsaron gaɓa suka duba izininmu, suka bar mu. Amma mai kwalekwalen, wani dattijo Abu Salim, ya ce iska ta yi yawa, ba zai fita ba. Dakta ba ta yi masa gardama ba. Ta zauna a kan akwatinta ta ce za ta jira. Na sayo mana shayin madara da gurasa, muka ci muna kallon ruwa. Da hantsi iskar ta lafa, dattijon ya dube ta, ya girgiza kai ya ce, "Yalla, mu tafi."

Tsibiri

Ƙarni ne ya fara tarbar mu. Baƙaƙen tsuntsaye masu dogon wuya sun rufe rairayi, kowacce ta kwanta a ɗan ramin da ta tona. Can nesa ana hango hayaƙin masana'antu. Dakta ta bayyana mini cewa sinadarin da ake zubarwa a teku yana shiga ƙananan kifi, tsuntsuwa ta ci, ya taru a jikinta, sai ta saka ƙwai mai ɓawo kamar takarda, ko ɗan ya mutu a ciki. Ƙwan da iyayen suka gudu suka bari kawai za mu ɗiba.

Na sa safar hannu, na ɗaga na farko a hankali. Ya fashe.

"Wallahi ban matse ba, Dakta."

"Na sani, Malam Habibu. Haka yake fashewa a ƙarƙashin uwarsa."

Daga nan da tafin hannu biyu na riƙa ɗauka. Rana na dukanmu muka bi ramukan har akwati ya cika.

Komawa Doha

La'asar sakaliya muka shigo gari, muka tarar an tare hanyoyin unguwar West Bay saboda wasan ƙwallo, ga ƙanƙara ta fara narkewa. Na kira Fuseini, abokin ɗakina, ɗan zangon Kumasi da ke gadi a wani bene can kusa. Ya ce in ajiye motar a wajensu in shiga jirgin ƙasa, in ba haka ba sai gobe. Na saɓa akwatin a kafaɗa, Dakta na gaba tana buɗe mini hanya cikin masu tutoci da ganguna. Wani ya tambaye ni ko lemo nake sayarwa. Muka isa ɗakin gwaji ana shirin rufewa, ta buɗe akwatin, ta taɓa, da sauran sanyi.

Gida

Bayan magariba na koma Bin Omran, rigata na ƙarnin kifi. Da aka yi 'yan makonni Dakta ta kira ni ta ce an sami sinadarin a cikin ƙwan, ta miƙa rahoto ga hukuma, kuma tana neman izinin komawa baɗi. Na ce ta sa sunana. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Abu Salim, da Fuseini da ya kwana yana gadin motata.