Labulen Jirgin Tanko Mai Hoto

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamarar Tanko ya san ba kai kake zaɓen labule ba. Ka zo da wankakkiyar rigarka, ya dube ka daga hula har silifa, ya taɓe baki, sannan ya yanke maka hukunci. Ni taubashinsa ne, don haka ni ke da ikon faɗin abin da kuka daɗe kuna gulma a kai.

Abin da ya tayar da zancen, ranar sadakar bakwai ta rasuwarsa 'yarsa Hauwa ta ce mini, "Baffa, a samo mini hoton Baba ko guda ɗaya, yaron nan na goye ya san fuskar kakansa." Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Ina! Mutumin da ya ɗauki kowa a garin nan har da ragunan layya, ashe bai bar nasa ba. Na katin zaɓensa kuwa baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya.

Labulensa uku ne, duk aikin hannunsa: na bene, na lambu, da na jirgin sama. Buhunan taki ya harhaɗa da basilla, ya shafe su da ragowar fentin da ya kankaro lokacin da aka gyara firamare. Sayen yadi a wurinsa almubazzaranci ne. Ranar da ya gama jirgin ya kira ni in gani.

Na ce, "Tanko, wannan jirgi ne ko tarwaɗar kogin Watari aka sa wa fiffike?"

Ya ce, "Ka taɓa hawa?"

"A'a."

"To rufe mana baki."

Shi ma fa iyakar hawansa akori-kura. Na nuna wani ɗan mutum da ya zana a tagar gaba, hula a karkace, na ce wannan fa? Ya ce direba ne, ko so nake jirgin ya tuƙa kansa?

Jirgin nan ba kowa yake ba wa ba. Mamman mai albasa ya zo ranar sallah, ya sha babbar riga, ya ce shi na jirgi yake so. Tanko ya ce, "Kai da ko Rimin Gado za a je sai ka yi amai a mota? Wuce gaban lambu, nan ne danginka suke." Ni ma shekara da shekaru ina roƙo, kullum lambu. Wai fuskata ta ban ruwa ce.

Sai labarin ɗan takarar kansila, wanda kun san shi, ba sai na kama suna ba. Tanko ya ga ya cancanci bene. Amma ya kafa labulen rana tana bayansa, rubutun buhu ya ɓullo ta cikin fenti. Fosta ta fito, ga mai girma yana murmushi, ga sunan taki ɓaro-ɓaro a saman hularsa. Ya zo yana kumfar baki. Tanko ko a jikinsa, ya ce, "Ranka ya daɗe, manoma za ka roƙa. Me suke so ya wuce wannan? Hoto ba ya ƙarya, sai dai a taimake shi." Wallahi mutumin ya ci zaɓe! Takin ne dai har yau muna jira.

Da wayoyi suka zo, samari suka daina zuwa, tunda waya tana sa maka Dubai a baya kyauta. Ya ce su je, Dubai ɗin da ba za ka iya jingina da ita ba. In kuwa yaro ya ɗaga waya zai ɗauke shi, sai ya kife hula a fuska. "Wanzami ba ya son jarfa," in ji shi.

Na bi gida-gida ina cigiya har na gaji, na koma wurin Hauwa hannu rabbana. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni kaina fuskar ta fara yi mini nisa. Na ce mu ware labulayen, ko su ta adana. Muka shimfiɗa na jirgi a tsakar gida. Ta durƙusa ta daɗe tana kallon tagar gaba, sai ta ce, "Baffa, direban nan wushirya gare shi."

Na sunkuya. Wushirya, karkatacciyar hula, da tabon nan na gefen ido da jaki ya yi wa Tanko muna yara. Muka ware na bene, ga shi yana leƙe ta taga. Muka ware na lambu, ga shi can gefe yana ban ruwa. Ashe duk hoton da ke rataye a ɗakunan garin nan yana ciki, har da nawa! Kunnuwan kawai ya rage wa girma, ya kuma ciko kumatu. Ya taimaki hoton dai.

Hauwa tana dariya tana hawaye, ta kwanto yaron ta nuna masa. 

Tanko, ka gama zaɓa mana. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya zaɓa maka lambun da ya fi duk wanda ka taɓa zanawa.