Ranar da Na Caje Surukina

Shekara huɗu na yi ina gadin ƙofa a wata ma'aikatar gurzar auduga da ke bayan garin Funtuwa, kuma a ukun farko ban taɓa sa hannu a jikin kowa ba. Aikin ba wani mai wahala ba ne. Ka ɗaga ƙarfe mota ta shiga, ka sauke, ka kori awakin da ke bin gurya, ka gaisa da mutane. Duk wanda zai shigo na san shi, in ban san shi ba na san ƙauyensu. Da kakin wannan aiki na auro 'yar farin wani dattijo manomi a Ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ba, kakin ya taimaka.

Sai aka yi tashin hankalin nan na Kano a farkon shekarun tamanin. Manyanmu suka tsorata. Aka ce masu tada fitina sun bazu cikin ƙauyuka, kuma rumbun auduga tsinken ashana ɗaya ya ishe shi. Aka ɗauko wani tsohon soja ya koya mana tsaro. Saje muke ce masa. Iyayensa mutanen kudu ne, uwarsa tana sayar da kwanuka a kasuwa, amma shi a Funtuwa aka haife shi. Hausarsa ta fi tawa kaifi, zagi ma ya fi ni iyawa.

Mako uku ya yi yana gasa mu a rana. Ya koya mana tsayuwa, ya koya mana busa usur, da yadda ake leƙa ƙarƙashin mota. Ya ce mai gadi ba ya durƙusawa kowa, domin wanda ya durƙusa ba ya ganin hannun mutum. Ya ce kowa sai ya cire hula, ya ɗaga hannu, a shafa shi daga kafaɗa zuwa idon sawu, duk inda riga ta yi tudu a buɗe a gani. Ya soke tsarin aikinmu na da, wanda kowa a gari ya haddace. Yanzu sai da safe za ka san inda za ka tsaya, don kada maƙiyi ya san wa zai tarar a ƙofa. Abin da ya fi nanatawa shi ne, wanda zai ƙone wurin nan ba zai zo da fuskar baƙo ba, zai zo ne da fuskar da kake jin kunya. Ya ce a wurin yaƙi ya binne abokansa saboda wani ya ji nauyin wata tsohuwa. Na yarda gaskiya ya faɗa, kuma wannan bai sa na daina jin haushinsa ba har yau.

Bai tsaya a baki ba. Akwai wani abokin aikinmu, mutumin Maska, da ya girme mu duka. Wata rana malaminsa na allo ya zo wucewa, sai mai gadin ya durƙusa ya gaishe shi, ya buɗe masa hanya. Ashe Saje ya riga ya jefa kwalin ashana a cikin jakar malamin tun daga bakin titi. Kafin azahar an karɓe kakin mutumin nan. Ya fita da 'yar shara da takalmin roba, 'ya'yansa bakwai. Motar manaja kuwa, da ta Alhazan da ke dillancin auduga, har ranar da na bar wurin sarawa muke yi musu su wuce. Ba a taɓa buɗe ko bayan motar ɗayansu ba. Da alama fetur ba ya shiga mota mai sanyi.

A lokacin matata tana Ƙarfi, ta je wankan jego. Haihuwar fari ce, mun samu 'ya mace. Ina ta ƙirga kwanaki a cika arba'in a dawo mini da su. Na yi wa ɗakin sabon daɓe, na sayi gidan sauro. Duk abin da nake taƙama da shi a gidan surukaina aikin nan ne, don ni ba ni da gona ko ta shuka kuɓewa.

Tsakanina da surukina kuwa kunya ce irin ta mutanen da. Shekara biyu da aure ban san kalar idonsa ba. In na je gaishe shi, tun daga bakin zaure nake cire takalmi, in tsuguna nesa, kaina a ƙasa. Shi ma sai ya juya gefe yana amsa wa bango. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce wa wani, “A ce wa yaron nan ya gaida mutanen gida.” Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. Wanda bai sani ba zai ce ba ma shiri, alhali wannan ita ce ƙaunar da ke tsakaninmu.

Gab da damina ake raba wa manoma irin auduga, kowane ƙauye ya turo dattijo ya karɓa. A shekarar, surukina mutanen ƙauyensu suka zaɓa. Daga baya na ji cewa sai da ya sa uwar matata ta tambayi 'yarta wace rana ce ba na ƙofa, don kada mu haɗu ya sa ni cikin takura. Ta ce Talata, domin abin da ta sani ke nan tun da aka kai ta gidana. Ba ta san an soke wannan ba.

Ranar Talata da hantsi ina ƙofa. Layi ya miƙe, mutanen Gozaki ne a gaba, ina shafa su ɗaya bayan ɗaya, Saje yana tsaye a bayana da sandarsa a hammata. Na ɗago kai in kira na gaba, sai na ga riga shuɗiya da na sani. Shi ma ya gan ni. Ya yi kamar zai juya, amma mutane sun matse shi ta baya.

Gwiwata ta fara lanƙwashewa da kanta zan durƙusa masa. Na riƙe ta. Na juya na ce a hankali, “Saje, surukina ne. A ba wani ya duba shi.”

Ya ce, “Ai na gani. Shi ya sa kai za ka yi.”

“Don Allah, Saje.”

“Ko ka yi, ko ka tuɓe ka aje nan.”

Na sha ba kaina labarin cewa ba ni da zaɓi. Ƙarya ne. Maɓalli biyar ne a rigar nan, da na ɓalle su da an gama. Amma sai na tuna mutumin Maska, na tuna wanda zai je Ƙarfi ɗauko mai jego ba aikin yi. Na matsa gaba.

Ban iya ce masa ya cire hula ba, da hannu na nuna. Ya cire. Takardar iri ce a ciki da goro guda. Ban taɓa sanin kansa ya yi fari haka ba. Ya ɗaga hannuwa yadda ya ga na gabansa sun yi, yana kallon rufin ma'aikata. Na shafa kafaɗunsa, na shafa haƙarƙari, na ciro 'yar wuƙar da kowane manomi ke yawo da ita na ajiye a tebur. Na yi sauri zan ja da baya, sai Saje ya nuna ƙasan cibiyarsa da sanda.

“Wancan tudun fa? Mene ne a ɗaure?”

Na ce babu komai. Ya ce in taɓa. Na taɓa, na ji ƙulli mai nauyi an naɗe da tsumma an ɗaure a ƙugu. Saje ya ce, “Baba, ɗaga riga.”

Dattijon nan ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da Saje ba, “Lalura ce, ɗana.”

“Kowa haka yake cewa. Kwance masa.”

Ni na kwance. Gwaiwa ce. Shekara da shekaru yana fama da ita, yana tallafe ta da ƙyalle a ƙarƙashin babbar riga, yana noma a haka, ko maƙwabtansa ba su sani ba. Na buɗe ta a gaban mutanen ƙauye uku. Dattawa suka kau da kai suna salati. Wani kwandasta da ke kan buhuna ya fashe da dariya, wasu suka taya shi. Saje ya ce, “Wuce, Baba, yi haƙuri, aiki ne,” ya rubuta wani abu a littafinsa. Da yamma ya yabe ni a gaban sauran masu gadi, ya ce su yi koyi da ni.

Surukina ya ɗaure tsummansa a tsanake, ya mayar da hularsa. Bai shiga karɓar irin ba. Ya bar wuƙar a tebur, ya bi titin tasha a ƙafa.

Kwana tara na yi ban iya zuwa Ƙarfi ba. Na tura ƙanen mahaifina ya ba da haƙuri, aka karɓe shi da mutunci, aka ce ai ba komai. Na so in yarda. Ranar da arba'in ta cika na hau motar Malumfashi, na sauka na ƙarasa Ƙarfi, da turmin atamfa da ƙullin goro a hannu. Tun a hanya na lura yara suna bin bayana suna ɗaga hannuwa sama, suna shafa junansu. Labarin ya riga ni isa, har ya zama wasa. An ce tun ranar surukina bai sake zama a dandali ba, sallah ma a sahun baya yake yi ya fice.

Na cire takalmi a bakin zaure, na tsuguna inda na saba. Yana zaune da akushin tuwo a gabansa. Ina jiran ya juya wa bango.

Bai juya ba. Ya dube ni cikin ido, ya kira sunana, har da na mahaifina, kamar yadda ake kira a ofis.

“Taso nan kan tabarma,” in ji shi. “Mi kake yi can? Wanke hannu mu ci.”

Na ce, “Baba, ni?”

“Kai hwa. Ai baƙo ba ya zama da yunwa a gidan nan.”

Da ya zage ni, da ya ɗauki fartanya ya rotsa mini kai, da na gode masa. Na taso na zauna. Na sa hannu a akushi ɗaya da shi, ina haɗiyar tuwo ba na jin ɗanɗanonsa, yana tambayata farashin taki a Funtuwa. Daga cikin gida ina jin kukan 'yata, ba wanda ya ce a kawo mini ita.

Da muka gama ya tura akushin gefe, ya wanke hannu, ya goge a gefen riga. Sannan ya laluba ƙarƙashin buzu ya ciro farar takarda da biro, ya ajiye a gabana.

“Ɗiyata ta ce ba ta iya kallon hannunka,” in ji shi. “Ni ban sa ta ba, ban kuma hana ta ba. Kai za ka rubuta, ko in aika a kira malam?”

Na ce zan rubuta.